Za a iya tafiyar da biron gwamnati kamar yadda ake tafiyar da kamfani? Tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Duk fadar da ka zauna a Yamai, daga Bukoki har Talaje, muddin hira ta biyo ta kan ma'aikatun gwamnati sai ka ji wani ya ce: "A ba ƴan kasuwa su riƙe, ku ga aiki." Kafin ya rufe baki wani ya taso masa, ya ce ai an ba su a baya, me muka gani? Na yi shekaru a biron gwamnati kafin in koma ɓangaren lissafi na wani kamfanin jigila, saboda haka gardamar nan ta sha iske ni a tsakiya. Ga tambayoyin da aka fi yi mani, da abin da nake amsawa.

Me ake nufi da kawo ƙwarewar ƴan kasuwa cikin aikin gwamnati? Sayar da ma'aikatu ne?

Ba lallai ba. Rabin gardamar da ake yi a fada ta taso ne daga haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai aron dabara kawai: ma'aikata tana nan hannun gwamnati, ma'aikatanta suna nan, amma ta koyi riƙe lissafi, ta sa wa kowane aiki wa'adi, ta san wanda za a tambaya idan abu ya lalace. Akwai aron mutum, wato a ɗauko wanda ya goge a banki ko kamfanin waya a ba shi shugabancin wata hukuma. Akwai ba da riƙo: dukiyar ta ƙasa ce, amma an yi yarjejeniya da kamfani ya tafiyar da ita na wasu shekaru, ana biyan shi ko yana cire rabonsa daga kuɗin da ke shigowa. Sai na ƙarshe, sayarwa baki ɗaya. Wanda ke yabon na farko da wanda ke zagin na ƙarshe za su iya kwana suna musu alhali ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Daga ina wannan tunani ya fito?

Ya daɗe, amma ya yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1970. Da Margaret Thatcher ta hau mulki a Ingila a 1979, sai ta ɗauko Derek Rayner, ɗaya daga cikin manyan kamfanin Marks & Spencer, ta ce ya bi ma'aikatu ya gano inda kuɗi da lokaci ke zubewa. A Amurka, Ronald Reagan ya kafa kwamiti a 1982 a ƙarƙashin attajiri J. Peter Grace, cike da shugabannin kamfanoni. Rahotonsu na 1984 ya ƙunshi shawarwari sama da 2,400, ya kuma ce za a iya tsimin dala biliyan 424 cikin shekara 3. Da ofisoshin bincike na majalisar Amurka suka duba, sun ce kuɗin da za a iya samu bai kai kusa da haka ba, kuma mafi yawansa sai an canza doka, ba gyaran biro ba ne kawai. Niyu Zilan ta fi kowa zaƙewa: a 1988 ta mayar da manyan sakatarorin ma'aikatu masu kwantiragi na ƴan shekaru, in ba ka cika alƙawari ba a nemi wani.

Mu kuwa abin ya iso mana ne a jakar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, tare da tsarin tsuke bakin aljihu. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 yana tuna watannin da aka yi ba albashi, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da kamfanonin ƙasa da aka rufe. Shi ya sa har yau, in ka ce wa tsohon ma'aikaci "gyaran ma'aikata", abin da kunnensa ke ji shi ne kora. Ba zan ga laifinsa ba.

To mene ne ɗan kasuwa ya iya wanda biron gwamnati bai iya ba?

Bari in ba ku abu biyu da na gani da idona.

Ranar wata Talata na kai wani ƙullin kaya tashar motocin da ke zuwa Tawa. Yaron da ke kan tebur ya ɗora a sikeli, ya rubuta lamba a jikin kwalin da alƙalami mai kauri, ya rubuta lambar nan a rasi, ya yage ya ba ni rabi. Bai wuce minti 4 ba. Motar ta tashi da asuba, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, kafin la'asar ƙanwata ta kira ta ce kaya sun shiga hannunta. Da kayan sun ɓata, lambar nan za ta nuna wanda ya karɓa, da motar da ta ɗauka, da wanda ya sauke. Kuma kowa a tashar ya san daga albashin wa za a cire.

A watan nan dai na bi wa wata gwaggona dosiyen kuɗin mijinta da ya rasu, a wani biro da ba zan faɗi sunansa ba. Na miƙa takardu, ba wanda ya ba ni shaidar karɓa. Bayan mako biyu aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Bayan wata aka ce takarda ɗaya ba ta cika ba, wadda ba wanda ya ambata tun farko. Zuwa na biyar ne wata baiwar Allah ta tausaya, ta ce: "Malam, zo ka duba da kanka." Muka shiga wani ɗaki, dosiye jibge a ƙasa har gwiwa, wasu an ɗaure da igiyar roba, ƙura ta rufe na sama. Muka tarar da namu a ƙarƙashin kwalin fanka. Matar nan ba raggo ba ce, ba kuma ɓarauniya ba. Ta fi yaron tasha ilimi nesa ba kusa ba. Abin da yaron yake da shi, ita ba ta da shi, abu uku ne: lamba, wa'adi, da sunan wanda kaya ke wuyansa.

Wannan shi ne jigon abin da ya kamata a aro. Babu wani sirri a ciki. Alhajin da ke da shago a Babbar Kasuwa ba ya kwana bai rufe kaye ba. Ya san buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ke da bashi. Ya san in injin ya tsaya ciniki ya tsaya, don haka yana sake mai tun kafin ya lalace. A gwamnati kuwa ana samun kuɗin sayen sabuwar mota, amma ba a samun na taya. Ku leƙa bayan ma'aikatu ku ƙirga motocin da ke kan duwatsu.

An taɓa gwadawa a nan Nijar?

An gwada, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba.

Ruwan sha shi ne misalin da ya fi daɗewa. A 2001 aka raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN, mallakar gwamnati, ta riƙe dukiyar: bututai, tankuna, injina, da ciwo bashin gina sababbi. SEEN kuma, wadda kamfanin Faransa Vivendi, da daga baya ya koma Veolia, ke da kashi 51 cikin 100 na hannun jarinta a lokacin, ta ɗauki aikin yau da kullum: tace ruwa, rarrabawa, gyaran fashewa, karɓar kuɗi. Farashin ruwa gwamnati ke yankewa, ba kamfanin ba, abin da mutane da yawa ba su sani ba. An sabunta yarjejeniyar a 2011, ta ƙare a ƙarshen 2023, sannan gwamnati ta kafa nata kamfanin ruwa, NDE, ta karɓi aikin a farkon 2024. Cikin shekarun nan gidajen da ke da famfo a birane sun ƙaru ƙwarai, kuma an saba da takardar kuɗi mai zuwa a kan lokaci. Amma duk wanda ke zaune a unguwannin gefen Yamai ya san yadda ake kwana a gaban famfo a watan Afrilu, ana jiran ɗigo da ƙarfe 3 na dare, ko a sayi garwa da tsada. Birni ya fi bututu saurin girma, kuma shimfiɗa bututu ba ya cikin aikin mai riƙo. Wannan darasi ne da ake mantawa: kamfani zai yi abin da aka rubuta masa a yarjejeniya, abin da aka bari a hannun gwamnati kuma yana nan yana jiran gwamnati.

Waya ta tafi ta wata hanya. A 2001 aka sayar da kashi 51 na SONITEL ga haɗakar kamfanin Sin ZTE da wani kamfanin zuba jari na Libiya. Alƙawuran faɗaɗa layuka ba su cika yadda aka so ba, ma'aikata suka yi ta kuka, a 2012 ƙasa ta maido da kamfanin hannunta. A 2016 aka haɗe shi da SahelCom ya zama Niger Telecom. Shekara 10 ke nan aka yi ana je-ka-ka-dawo a daidai lokacin da wayar salula ke mamaye ƙasa.

Filin jirgin sama na Diori Hamani kuma kamfanin Turkiyya Summa ne ya sabunta shi da kuɗinsa gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, a kan zai riƙe shi shekara 30 yana maido da jarinsa. Aikin ya ƙare cikin sauri, wannan ba musu. Kuɗin dai daga aljihun matafiya yake fita, ta harajin da ke cikin tikiti.

Maƙwabta ma suna da nasu labarin. A 2003 Najeriya ta damƙa riƙon NITEL ga wani ƙaramin kamfanin Holan mai suna Pentascope, a 2005 aka soke yarjejeniyar bayan kamfanin wayar ya dulmuya cikin asara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Benin kuwa ta ba wani reshe na tashar ruwan Antwerp ta Beljiyam riƙon tashar Kwatano a 2018, tashar da ƴan kasuwarmu suka sani kamar tafin hannunsu.

Kenan dole sai an kawo kamfanin waje?

A'a, kuma a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Misalan da suka fi burge ni duk na ma'aikatun da suka ci gaba da zama na gwamnati ne.

A Yuganda, an naɗa William Muhairwe shugaban hukumar ruwa ta ƙasa a 1998, lokacin da ake shirin sayar da ita saboda asara. Ya fara da shiri na kwana 100: a gyara fashewa, a karɓo bashi, a amsa kukan mutane. Daga baya ya ƙulla yarjejeniya da shugaban kowane gari, ga abin da za ka cim ma, ga ƴancin da na ba ka, ga ladan da kai da yaranka za ku samu in kun cika. Hukumar ta farfaɗo, ba a sayar ba. A babban birnin Kambodiya, hukumar ruwa tana asarar kusan kashi 72 cikin 100 na ruwanta a 1993, ta ɓarkewar bututu da sata. Injiniya Ek Sonn Chan ya sa wa kowa na'urar ƙidayar ruwa, har da manyan sojoji da ministoci, ya kori masu cin hanci, asarar ta sauko zuwa kusan kashi 6. Nan kusa da mu, hukumar ruwa ta Burkina Faso, ONEA, ta ɗauki Veolia kwangilar shekara 5 daga 2001, don gyara lissafi da harkar masu biyan kuɗi kaɗai, ta koyi abin da za ta koya, aka yi sallama, kamfanin yana hannun ƙasa.

Abin da ya haɗa su: shugaban ya daɗe a kujera, an bar shi ya zaɓi mutanensa, kuma da ya yanke wa babba ruwa ba a kira shi a waya an ce ya maida ba. Inda babu waɗannan, ko wa ka kawo zai gaji.

Me zai hana a ɗauko babban attajiri kawai a ba shi minista? Ai ya iya neman kuɗi.

Ɗan'uwa, iya neman kuɗi daban, iya riƙon jama'a daban. A kamfaninsa Alhaji yana faɗa a yi. In yaro ya yi wasa ya sallame shi da la'asar. In wani reshe ba ya kawo riba ya rufe. A ma'aikata kuwa kowane dala da zai kashe sai ta bi dokar kasafi, kowace kwangila sai ta bi ƙa'idar gasa, ma'aikaci yana da dokar da ke kare shi, sannan ba shi da ikon rufe asibitin ƙauye don ba ya kawo kuɗi. Wasu daga cikin ƙa'idojin nan nauyi ne na banza da ya kamata a sauke. Wasu kuma an sa su ne da gangan, don dukiyar ba ta mai kujera ba ce.

Kenya ta gwada a 1999. Shugaba Daniel arap Moi ya naɗa Richard Leakey shugaban ma'aikatan gwamnati, aka kawo masa ƙwararru daga bankuna da kamfanoni da albashi mai tsoka. Kafin shekara 2 ta cika tafiyar ta watse, Leakey ya sauka a 2001. Sun taɓa abincin manya, kuma tsofaffin ma'aikata suna kallon su a matsayin baƙi masu cin ninkin albashinsu. A Amurka, attajiri Elon Musk ya yi maganar rage dala tiriliyan 2 daga kuɗin da gwamnati ke kashewa. Ya shiga da ƙarfi a farkon 2025 yana jagorantar wata hukumar tsimin kuɗin gwamnati, ya fita a ƙarshen watan Mayu, kuma adadin da hukumar tasa ke iƙirari a lokacin bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ya ambata ba, shi ma ana ta jayayya a kansa.

Akwai kuma matsalar da ba a son faɗa. In mai shigo da shinkafa ya zama mai kula da duwan, an ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kuwa shi mutumin kirki ne. Wanda zai shigo daga kasuwa sai ya bayyana dukiyarsa, ya janye hannunsa daga kamfaninsa, kuma kada ya sa hannu a duk takardar da ta shafi harkarsa ko ta iyalinsa. Togo ta bi wata hanya da ta fi tsabta: da ta haɗe duwan da lanho a hukuma ɗaya, OTR, a 2014, ta buɗe gasa ga kowa, aka ɗauki Henry Gaperi, wanda ya goge a hukumar harajin Ruwanda. Gwani aka nema a fannin, ba mai kuɗi ba.

Ni ma'aikaciya ce, shekarata 17 a aiki. Wannan gyara ba korar mu ake nufi ba?

Hajiya, tsoronki yana da tushe, domin an sha fakewa da kalmar gyara a rage mutane. Amma Nijar ba ta fama da yawan ma'aikata in aka kwatanta da yawan jama'arta da faɗin ƙasarta. Matsalarmu rabo ne: biro a Yamai mutum 6 suna zagaye da tebur ɗaya, asibitin karkara kuma ungozoma ɗaya ce dare da rana. Dokar ma'aikata ta 2007 ta yi maganar auna aikin kowa, sai dai a aikace kusan kowa maki mai kyau yake samu, don shugaba ba ya son ɓata da kowa. Wa wannan ya cuta? Ke da kike zuwa 7 da rabi. Albashinki ɗaya da wanda ke leƙowa ƙarfe 10 ya rataye riga a kujera ya fita.

Inda zan ce ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN su buɗe ido shi ne wurin aron mummunar ɗabi'ar kasuwa, wato arhar ma'aikaci. Mun ga yadda aka cika makarantu da malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi, wanda kuma ba ya zuwa a kan lokaci. A takarda an yi tsimi. A cikin aji kuwa yara ne suka biya, da yajin aiki da malamin da hankalinsa ke kan kabu-kabun da zai yi da yamma.

Ana ta maganar auna aiki da alƙaluma. Ba yaudara ba ce?

Tana iya zama. Duk abin da ka ce da shi za ka auna mutum, shi zai bauta wa. Ingila ta sa doka cewa kada majinyaci ya wuce awa 4 a sashen gaggawa. Jira ya ragu da gaske, amma an kuma samu asibitocin da ke barin mara lafiya cikin motar asibiti a ƙofa don kada agogo ya fara ƙirga. A nan ma, in ka ce za ka auna shugaban makaranta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, zai hana masu rauni zama. In ka auna ɗan sanda da yawan tarar da ya kawo, kun san sauran.

Ruwanda tun 2006 take sa shugabannin gundumomi su sa hannu a kan alƙawuran shekara a gaban shugaban ƙasa, abin da suke kira imihigo, ana kuma jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ya motsa aiki, ya kuma jawo ƙorafin kumbura alƙaluma. Mu ma tun 2018 kasafin kuɗinmu ya koma tsarin shirye-shirye, bisa ƙa'idojin 2009 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa: kowace ma'aikata ta faɗi abin da za ta cim ma da kuɗin, ba abin da za ta saya kaɗai ba. Tsarin yana da kyau. Sai dai in kuɗin da aka rubuta a Janairu bai fito ba sai Oktoba, da wane baki za ka tambayi mutum sakamako? Ma'auni kaɗan, waɗanda talaka zai iya gani da idonsa, kuma wani daban ya tabbatar da su, sun fi shafi 80 na jadawali.

Kamfanonin ba da shawara fa, masu zuwa da kwamfuta su rubuta rahoto?

Suna da amfani in ka san abin da kake so, kuma ka sa yaranka su zauna kusa da su su koya. In ba haka ba, za ka biya miliyoyi a faɗa maka abin da masinjan biro ya sani. Majalisar dattawan Faransa ta gano a 2022 cewa gwamnatin ƙasar ta kashe sama da yuro biliyan 1 a kan irin waɗannan kamfanoni a 2021 kaɗai. A Afirka ta Kudu, kwamitin bincike ya samu kamfanin Bain da hannu a rusa tsarin hukumar haraji wadda a da ake alfahari da ita, McKinsey kuma ya maido wa kamfanin lantarki Eskom kusan rand biliyan 1 a 2018. Ƙasashen da ke da dubban ƙwararru ke nan. Ina ga wadda mutum 3 ne a ma'aikata za su iya karanta yarjejeniya mai shafi 200 su gane inda aka binne tarko? Shi ya sa nake cewa kuɗin da za a kashe a makarantar horas da ma'aikata ta ENA da kotun binciken kuɗin ƙasa ba ɓarna ba ne. Gwamnatin da ba ta iya tafiyar da aiki ba, da wuya ta iya sa ido a kan wanda ta ba aikin.

Zai rage cin hanci?

Wani ɓangare. Duk inda aka rage haɗuwar hannu da hannu, na goro yana raguwa: biyan kuɗi ta waya ko banki, farashi a manne a bango, rasi mai lamba. Najeriya ta cire dubban ma'aikatan bogi daga takardar albashi bayan ta fara tantance su da kwamfuta daga 2007. Amma babbar ɓarna ba a tagar biro take ba, a wurin ba da kwangila take, kuma a can ɗan kasuwa ne ke miƙawa. Mai ba da hanci da mai karɓa, ɗaya daga kasuwa yake.

Ana cewa a ɗauki ɗan ƙasa kamar mai sayayya. Ba daidai ba ne?

A wurin tarba da girmamawa, daidai ne. Kamfanonin aika kuɗi sun koya wa mutanenmu cewa ana iya shiga wuri a zauna a inuwa, a kira ka da lamba, a gama da kai cikin minti 10 ba tare da ka san kowa ba. Wanda ya ɗanɗana wannan ba zai ƙara yarda cewa wulaƙanci dole ne ba. Gidan ƴan kasuwa da ke ƙarƙashin majalisar kasuwanci a Yamai, inda aka tara duk masu sa hannu a rufi ɗaya don mai son buɗe kamfani, daga wannan tunani ya fito.

Iyakarsa ke nan. Mai shago yana zaɓen unguwar da zai buɗe, yana fifita mai kuɗi, kuma ba laifi ya yi ba. Gwamnati ba ta da wannan zaɓi. Makiyayin da ke arewacin Tasara, wanda kai masa allurar rigakafi zai ci man mota fiye da kuɗin allurar sau da yawa, haƙƙinsa ɗaya da na mazaunin unguwar Filato a Yamai. Da lissafin riba za a bi, ba za a taɓa zuwa wurinsa ba.

Ni shugaban ƙaramin biro ne a Tawa, mutum 9 ke ƙarƙashina, ba ni da kasafi. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai, ranka ya daɗe, kuma ba sai ka jira takarda daga Yamai ba. Sayi babban kaye ɗaya. Duk dosiyen da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta ranar, a yaga ƴar takarda a ba mai shi da ranar da zai dawo. Rubuta a bango, da Hausa da Faransanci, takardun da ake buƙata ga kowane aiki da kuɗin da doka ta yanke, domin rabin zirga-zirgar mutane ta "ba ka kawo kaza ba" ce. Nemi izinin wakilta sa hannu a kan ƙananan takardu, don tafiyarka ta kwana 5 kada ta tsayar da gari. Kowace Litinin da safe ku zauna minti 20 a buɗe kayen: nawa suka shigo, nawa suka fita, wanne ya wuce wa'adi, a teburin wa yake. Kada ka yi faɗa a zaman farko. Sau da yawa za ka tarar ba lalaci ba ne, tawadar injin ce ta ƙare tun mako 3 ba wanda ya faɗa.

Ka shirya wa abu biyu. Akwai wanda jinkirin nan shi ne gonarsa, zai yi maka zagon ƙasa, wataƙila ma ya kai ƙararka sama. Sannan ranar da wani babba zai kira ka ya ce a tsallake da dosiyen ɗan'uwansa, duk yaranka za su zuba ido su ga ko lamba ta 214 za ta riga ta 190 fita. Wani abokina da ya gwada haka a biron takardun haihuwa ya ce wata 2 na farko sun fi kowane wuya, har ya yi tunanin bari. A wata na uku wata tsohuwa ta zo da ƴar takardarta a ƙulle a bakin zane, ranar da aka rubuta mata, ta tarar an gama. Ta tsaya tana jujjuya takardar, ta tambaye shi nawa za ta ƙara. Ya ce ba ko dala. Ta fita, sai ga ta ta dawo da ƙullin goro 3, ya ce ta kai wa jikokinta.